Ana Bibiya

Ranar da aka ba ta aikin, shugaban kwaleji ya tsaya gaban ma'aikata ya ce daga yau ita ce gada tsakanin masu gadi da asibiti da ofishin kula da ɗalibai. Duk ɗalibar da aka ci wa zarafi, ko aka matsa mata, ko saurayi ya ɗaga mata hannu, ta wajenta magana za ta bi. Aka tafa, aka sha lemo, aka watse. Sunan kuwa ya manne mata, yaro da babba Anti Gada. Sai da ta yi wata biyu a kujerar ta gane abin da ake yi da gada, wato a taka a wuce.

Ofishin nata tsohon ɗakin ajiye tsintsiya ne a ƙarshen baranda. Tebur ɗaya, kujera biyu, da fanka mai juyawa kamar an yi mata dole. Akwai kabad na ƙarfe, amma babu fayil ko ɗaya a ciki, don kowane ofis ya ce nasa takardun na sirri ne.

Ranar Litinin da safe tana goge ƙurar tebur sai ga wata ɗaliba a bakin ƙofa, tana jan akwati da hannun hagu. Siririya ce, idanunta sun faɗa. Ta gaishe ta, ta miƙo takarda.

"Anti, sa hannu kawai nake so. Takardar sallama ce. An ce yanzu sai da sa hannunki ake karɓar makullin ɗaki."

Anti Gada ta duba. Ɗalibar aji uku ce, ajin ƙarshe.

"Ke kuwa ina za ki, jarrabawarku ba ranar Alhamis ba ce?"

"Gida."

"Zauna tukuna. Ya ake kiranki?"

"Auta suke ce min."

"To Auta, shekara uku kin sha rana kin sha sanyi, saura kwana uku ki ce gida? Me ya faru?"

Auta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Anti, in na faɗa miki, ke ce ta huɗu. Na gaji da faɗa. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce min sannu, ya rubuta, ya ce in je."

Anti Gada ta ajiye biron da ta ɗauka, ta tura ƙofa da ƙafa. "Ni ba zan rubuta ba. Faɗa min kawai."

Labarin bai da tsawo, sai dai nauyi. Akwai wani ɗan ajinsu da ake kira Dogo. Tare suka yi layin rajista ranar farko, daga nan aka saba, har ya zama saurayinta. Bara ya mare ta a bayan laburare don ta yi dariya da wani, ita kuma ta ce ta fasa. Tun daga ranar bai bar ta ta sha iska ba. In ta fito lacca yana jingine da bishiya. In ta je famfo yana can. Ta toshe lambarsa sau bakwai, sau bakwai yana dawowa da sabuwa, yana gaya mata kalar mayafin da ta yafa da wanda ta gaisa da shi. Wata uku da suka wuce ya tare ta a matakalar bene ya murɗe mata wuyan hannun dama, har yau in ta daɗe tana rubutu sai ya kumbura.

"Kuma Anti, kin san da lambar rajista ake zaunar da mutum a jarrabawa. Ni ɗari biyu da sha huɗu, shi ɗari biyu da sha biyar. Jiya ya turo min saƙo, wai ya ƙagu Alhamis ta zo mu zauna kafaɗa da kafaɗa. Awa uku, Anti. Wallahi ko sunana ba zan iya rubutawa ba."

Anti Gada ta ninke takardar sallamar ta sa ƙarƙashin kofin shayinta.

"Ba ni zuwa Laraba. In Laraba ta yi ban yi komai ba, ni da kaina zan sa hannu in raka ki tasha."

"Haka duk suke cewa."

"Na sani. Bar akwatin a nan, ya yi miki nauyi."

Ta fara da masu gadi. Shugabansu tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa. Ta same shi a rumfar bakin ƙofa ya cire takalmi ɗaya yana sosa ƙafa, rediyo na ta surutu a gefe.

"A'a, Malama Gada! Yau gada ce da kanta ta taso ta zo wajen kogi?"

"Saje, ba wasa ya kawo ni ba. Wata yarinya ta kawo muku ƙarar wani Dogo wata uku da suka wuce."

Ya jawo wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa. "Ga ta nan. Ni na karɓe ta da kaina. Na tura takarda sama, aka dawo min da fayil in gani in sa hannu. A bangonsa an rubuta ɓaro-ɓaro, ana bibiya. To tunda manya na bibiya, ni wa? Mu aikinmu ƙofa. In ba a ce kama ba, ba ma kamawa."

"Wa yake bibiyar?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Na ɗauka asibiti ne, tunda da rauni a ciki."

Asibitin kwalejin ɗaki biyu ne da benci. Sista, nas ɗin da ke riƙe da shi, ƙawar Anti Gada ce tun suna 'yanmata, amma da ta ji abin da ake nema sai ta gyara gilashi ta sa fuskar aiki.

"Ke 'yar'uwa, kin san katin mara lafiya ba ya fita daga ɗakin nan."

"Ban ce ki ba ni ba. Tambaya nake, me kika yi?"

"Na ɗaure targaɗe, na ba ta magani. Na ga shatin yatsu a hannun, ai ba makauniya ba ce ni. Na ce zan rubuta rahoto, sai ga fayil ya zo daga sama, an rubuta ana bibiya. Na ce to, Yallaɓai ya karɓi zancen, kar in yi shisshigi. Kin san halinsa in aka taka masa gona."

"Kin sake ganinta?"

Sista ta cire gilashin. "Ta zo sau biyu neman maganin barci," ta ce a hankali. "Na ɗauka karatu ne."

Yallaɓai shi ne shugaban ofishin kula da ɗalibai, a bene na biyu. Ranar Litinin aka ce yana taro. Ranar Talata da safe aka ce ya fita. Anti Gada ta zauna a bencin jira tun ƙarfe goma har rana ta take, cikinta na kuka, tana kallon agogon bango da ya tsaya a takwas saura kwata tun shekarar da aka rataya shi. Da ya dawo, a tsaye ya saurare ta, makullin mota a hannu.

"Ranka ya daɗe, maganar yarinyar nan ce da Dogo."

"Na tuna, na tuna. Ai ana bibiya. Na ga fayil ɗin da idona. Masu gadi ke kai, aikinsu ne."

"Masu gadi sun ce asibiti ne. Asibiti sun ce kai ne."

"To ai shi ya sa aka kawo ki, Malama. Ki haɗa mu taro. Rubuto takarda, a ba kowa kwana bakwai yadda doka ta ce."

"Jarrabawar jibi ce, ranka ya daɗe."

"Ni na rubuta dokar?" Ya dubi agogon hannunsa ya shige.

Ta tsaya a wajen. Ta ji kamar ta cire takalmi ta jefi agogon bangon nan ko zai motsa. Sai ta ji an yi gyaran murya a bayanta. Baba Akawu ne, tsohon da ke buɗe fayil a ofishin tun kafin a haifi rabin ɗaliban. Yana zaune bayan tebur, hula ta zamo gaban goshi.

"'Yata, fayil ɗin da kike nema ga shi nan. Bai kamata in ba ki ba, amma ni ban ga amfanin da yake yi wa kabad ba."

Koren fayil ne, siriri. A bangon akwai gida biyu, na sama an buga Abin da ya faru, na ƙasa an buga Matakin da aka ɗauka. Rubutun Baba Akawu manya ne, masu kwanciya. Kalmomin biyu sun faro daga gindin gidan sama suka gangaro suka zauna daram a gidan ƙasa. Ana bibiya. Ƙarƙashinsu sa hannu uku, na Saje, na Sista, na Yallaɓai, kowa da kwanan watansa.

"Baba, wa ya ce ka rubuta wannan?"

"Ba kowa. Ita yarinyar ce ta zo tana kuka, na ce 'yata, me zan sa a bango? Ta ce, Baba, bibiyata yake yi. To ni kuma na ga bangon fayil kowa na gani, masinja na gani, mai shara na gani. In na sa sunansa ko na sa bibiyarta, gobe zance ya zaga makaranta. Sai na sakaya, na ce ana bibiya. Wanda ya buɗe ciki ai zai gane."

Anti Gada ta buɗe cikin. Shafi biyu ne da rubutun Auta, an manne su da fil, ko lanƙwasa babu. Ba wanda ya taɓa ɗaga su.

"Baba, ka ga inda rubutunka ya sauka?"

Ya sa gilashi, ya kawo fayil ɗin kusa da hanci. Ya daɗe yana kallo. Sai ya cire hular ya dafe kai.

"Wayyo ni. Wato su sun karanta cewa an ɗau mataki."

"Wata uku, Baba."

"Ni rufa mata asiri na yi niyya, wallahi."

Ta so ta yi masa faɗa, amma ta fasa. Cikin mutum huɗu da fayil ɗin ya bi ta hannunsu, shi kaɗai ya yi tunanin yarinyar. Ta rungume fayil ɗin ta sauka.

Ta tarar da Auta a bakin ofis, ta zo duba akwatinta. Ta nuna mata bangon, ta yi mata bayani. Auta ba ta yi kuka ba, sai dai ta zauna a kan akwatin tana kallon ƙasa.

"Wato duk kwanan nan da nake jira a kira ni..."

"Ba wanda zai kira ki. Yanzu saurara. Gobe zan tara su, amma maganarki ce, ba tawa ba. Kin yarda su karanta abin da kika rubuta? Kin yarda Sista ta faɗi abin da ta gani a hannunki?"

"Ai don su karanta na rubuta, Anti."

"To me kike so a yi ranar Alhamis?"

"In zauna a kujerata. Ni ban yi wa kowa komai ba."

Ranar Laraba ake shirya zauren jarrabawa, kuma Anti Gada ta san ranar ce kaɗai ƙafafun mutanen nan uku ke haɗuwa ba tare da takarda ba. Saje na zuwa duba ƙofofi da tagogi, Sista na kawo akwatin magani don masu suma, Yallaɓai kuma na zagayawa hannu a baya yana kallon yadda ake rubuta lambobi da alli a kan tebura. Ta jira har suka kusanci ɗan ɗakin baya inda ake jibge karyayyun kujeru.

"Ranka ya daɗe, Saje, Sista, ku zo ku ga wani abu a nan."

Suka shiga suna zaton rufi ne ke yoyo. Ta ja ƙofa ta jingina da ita.

"Malama, wannan wane irin abu ne?" in ji Yallaɓai.

"Taro ne, ranka ya daɗe. Kwana bakwan zan biyo ku da su daga baya."

Saje ya kece da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

Ta ɗaga koren fayil ɗin. "Duk kun sa hannu a nan. Saje, wa ke bibiya?"

Ya nuna Sista da haɓa. Sista ta dubi Yallaɓai. Yallaɓai ya dubi Saje.

"To bari in gaya muku. Duk makarantar nan mutum ɗaya ne yake bibiya, kuma bai taɓa fashi ko na rana ɗaya ba. Dogo ne. Kalmar nan ƙarar yarinyar ce, ba matakinku ba."

Ta cire fil ɗin ta miƙa wa Yallaɓai shafukan. Ya karanta a tsaye, ya miƙa wa Saje, Saje ya miƙa wa Sista. Da Saje ya zo wajen matakalar bene sai ya yi tsaki mai ƙarfi.

"Matakalar nan taku ashirin ce daga rumfata," ya ce.

Yallaɓai ya goge goshi. "To, abin bai yi daɗi ba. Amma kwamitin ladabtarwa ba ya zama sai bayan hutu. Kuma yaron nan ba a ji ta bakinsa ba, ba zan hana shi jarrabawa ba."

"Ban ce a hana shi ba. A raba su kawai."

"Wannan mai sauƙi ne. A kai yarinyar ƙaramin ɗakin da ke ginin kimiyya, ta rubuta ita kaɗai hankali kwance."

"Wata uku tana canza hanya, ranka ya daɗe. Ta canza famfo, ta canza lambar waya, ta daina zuwa laburare. Yau kuma mu ce ta canza kujera, duk aji su juyo suna tambayar me ta yi? Shi za a ɗaga."

"In na ɗaga shi, kamar na yanke masa hukunci ne."

"In ka ɗaga ta fa, wa ka yanke wa?" Sista ce ta faɗa, ba ta ko ɗago kai daga takardar ba. "Rahotona zai iso teburinka kafin azahar. Shatin yatsu huɗu ne da babban yatsa, na auna su a ranar."

Yallaɓai ya yi ta juya makullin mota a yatsa. Can ya ce, "Canjin kujera ne fa, ba hukunci ba. A rubuta haka."

Anti Gada ta ce, "Wa zai rubuta? Wa zai kai wa malamin da ke tsaron zaure? Ina son suna, ba ana ba."

"Ofishina zai tura."

Ta so ta ƙara matsawa, amma ya riga ya kama hannun ƙofa, ita kuma ta ga ta ja igiyar iya inda za ta jawu. Ta matsa gefe.

Ranar Alhamis, tara saura kwata, ta taho da Auta tun daga ɗakin kwanan mata. Yarinyar ta riƙe biro biyu da katin jarrabawa, hannun dama a naɗe da sabon bandeji. Ɗalibai na ta turmutsutsu a ƙofar zaure, wasu na leƙa littafi leƙen ƙarshe. Suna isa bakin ƙofa Auta ta tsaya cak.

Dogo yana zaune a ɗari biyu da sha biyar. Ya miƙe dogayen ƙafafunsa, ya ɗora hannu ɗaya a bayan kujerar ɗari biyu da sha huɗu, yana kallon ƙofa yana murmushi.

Anti Gada ta nufi malamin da ke tsaron zaure. "Malam, ba a kawo maka takarda daga ofishin Yallaɓai ba?"

"Wace takarda? Ni jerin sunaye kawai aka ba ni."

Takardar tana can a wani tiren takardu a ofis, tana jiran masinja, ko tana jiran hatimi, ko tana jiran wanda zai tuna da ita. Bene na biyu kuma da nisa, saura minti goma. Ta waiwayo ta ga Auta ta fara ja da baya.

"Anti, ba ni takardata kawai. Na ce miki haka za a yi."

"Tsaya nan. Riƙe hannuna. Ko motsi kar ki yi."

Ta ɗaga ɗaya hannun za ta kira waya, sai ta ji takun takalmi mai nauyi a baranda. Saje ne, ya sa kakinsa an goge shi har yana ƙyalli, yana haki, da takarda a hannu.

"Na san halin tiren nan," ya ce. "Tun bakwai na je na tsaya a kan Baba Akawu ya buga, na tare Yallaɓai a wajen ajiye mota ya sa hannu a kan bonet. Gafara dai."

Ya nuna wa malamin takardar, ya taka a hankali tsakanin layin tebura har ɗari biyu da sha biyar. Bai ɗaga murya ba. Ya ƙwanƙwasa teburin da yatsa sau biyu.

"Samari, ɗauko bironka. An canza maka ɗaki."

"Ni? Me na yi?"

"Wannan tambayar za ka amsa ta bayan hutu, a gaban kwamiti. Yau dai ginin kimiyya, kuma ni zan raka ka, ni zan dawo da kai har bakin ƙofar fita."

Dogo ya dubi zauren ya ga ido ya yi masa yawa. Ya tashi yana gunaguni. Saje bai bi da shi ta ƙofar da Auta take ba, ya juya shi ta ƙofar baya, yana biye da shi taku da taku.

Auta ta daɗe tana kallon kujerun biyu.

"Anti, in na manta komai fa?"

"Sunanki za ki fara rubutawa. Sauran za su biyo."

Ta saki hannun, ta shiga. Ta zauna a ɗari biyu da sha huɗu, ta jera biron nan biyu, ta ɗora katinta a kusurwar tebur. Aka rufe ƙofa.

Anti Gada ta koma ɗakin tsintsiyarta. Akwatin na nan a lungu, takardar sallama na nan ƙarƙashin kofi da zoben shayi a kanta. Sauran jarrabawa huɗu ne, kowace sai an sake wannan gudun, kwamiti kuma sai bayan hutu, in ma an tuna. Ta zauna, fanka na juyi a kasalance. Ba a jima ba sai ga Baba Akawu a bakin ƙofa da sabon bangon fayil a hannu, yana sosa ƙeya.

"'Yata, na ce gara in tambaya wannan karon. A gidan ƙasa me zan sa?"

Ta karɓi bangon ta ajiye a gabanta. Ta rubuta sunan Saje da abin da zai yi ranar Asabar, ranar jarrabawa ta gaba, ta rubuta sunan Sista, ta rubuta na Yallaɓai da ranar da ya ce kwamiti zai zauna, a ƙarshe ta sa nata. Gidan bai ishe ta ba, sai da ta gangara har gindin bangon. Sannan ta buɗe kabad ɗin ƙarfen nan, ta ajiye fayil ɗin a ciki, ta ce wa Baba ya taimaka ya nemo mata kwaɗon kulle shi.